Motar Sojan da Baba Ya Saya

Greensboro,
10 ga Satumba, 1995.

Zuwa ga Goggo Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da Alhaji Maikano da yara duka. Yaya jikin Inna? Ki ce mata jikarta Jidda tana sa ta a addu'a kullum. Mu nan lafiya lau muke. An koma makaranta, Turancinsu ya fara shiga kunnena, lissafin da ake yi kuwa na riga na yi shi tun a Katsina.

Goggo, akwai abin da yake damuna, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Baba ya sayi motar soja.

Babbar mota ce ta ɗaukar kaya, koriya, mai taya goma, da tamfol a baya da benci biyu masu fuskantar juna. Irinta ce sak ta tsaya a layin gidajen malamai shekarar da aka rufe jami'a, lokacin Mama tana da rai, aka sa maƙwabcinmu a baya ko takalmi babu a ƙafarsa. Ran da na fara ganin ta Baba, waccan na tuna.

A ƙasar nan idan sojoji sun gama da motocinsu, gwanjonsu ake yi, kowa yana iya saye. Akwai mutanen da abin sha'awarsu ke nan, kamar yadda wasu suke kiwon tattabaru a gida. Ba kaya suke ɗauka da su ba, ba haya suke yi ba. Su wanke, su kwance, su ɗaura, su zagaya gari su dawo. Wani tsohon Bature mai suna Mista Malachy, wanda ya yi tuƙi a soja yana saurayi, yana da biyu a wani fili bayan High Point Road, kusa da masu sayar da tsofaffin motoci. Shi ya kai Baba wurin gwanjon. Suka tafi da Baba Moutari, abokin Baba mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, suka jawo ta da sarƙa don ba ta tashi. An ƙera ta tun Baba yana sakandare.

Yanzu tana tashi. Idan an tayar da ita har ƙasa rawa take yi. Wai injinta ba ya zaɓen mai, don haka Baba yakan karɓo baƙin man da aka juye daga wasu motoci, ya tace da tsohon zane ya zuba mata. Kowace Asabar tun da safe yana can kwance a ƙarƙashinta. Sitiyarinta ya taɓa fizgewa ya buge masa babban yatsa, farcen ya fita. Ranar Asabar ba na iya cin abinci sai na ji makullinsa a ƙofa.

Kin san ni ce 'yar fari. Tun da nake Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son ruwa, bango yake kallo ya ce a kawo ruwa. Ni ma ban iya ɗaga ido in dube shi ba, balle in ce masa abin da yake yi yana tsorata ni. Gidanmu ɗaki biyu ne, amma maganarmu ba ta wuce ina kwana da sannu da zuwa. Ke ce yayarsa. Don Allah ki rubuto masa ki ce ya rabu da ita, kada ki ce ni na faɗa.

Ga hoto nan na sa miki don ki ga girmanta da idonki. An ɗauke shi a faretin ranar 'yancin kansu cikin Yuli. Baba ne a tsakiya, da rigar sojan da Mista Malachy ya ara masa, sauran abokan Mista Malachy ne da tsofaffin kakinsu.

Baba ya ce wa Baba Moutari zai zo gida hutun Disamba. A nan na ji.

Taki 'ya,
Jidda.

*

Katsina,
8 ga Oktoba, 1995.

Takwarata,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso, kowa yana amsa gaisuwarki. Yara lafiya, aikin asibiti kuma ga shi nan, watan nan haihuwa kamar an yi shawara.

Kin sa ni dariya har da hawaye. Ke da ubanki kuna ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya, amma sai magana ta ƙetare teku ta zo Rafindadi sannan ta koma masa! To na rubuta masa 'yan layuka na sa a ambulan daban, amma kada ki sa rai. Babanki tun yana ɗan firamare ya kwance keken ɗinkin Inna, ya sha duka, washegari ya kwance rediyon babanmu. Shi ya sa ma ya ƙare a karatun injunan noma. Ki ci abincinki ranar Asabar. Ki bar wa Allah tsaronsa.

Hoton ya yi kyau, sai dai ban gama kallonsa ba. Alhaji tun da ya gan shi bai zauna ba. Ya sa shi a aljihu ya tafi majalisarsu ta bakin kasuwa, wai surukinsa ya sayi motocin soja uku a Amurka har da Turawa masu yi masa aiki. Na ce, Alhaji, ɗaya ce. Ya ce shi uku ya gani a hoto, kuma hoto ba ya ƙarya. Yau kwana nawa ke nan ina tambayarsa, kullum sai ya ce yana hannun wane.

Yanzu ga maganar da ta fi. Jikin Inna ba daɗi. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai. Likitan da ya duba ta ya ce zuciya ce, ni ma na ga irin wannan da yawa. Ba ta tambayar kowa sai Auta, wato babanki. Da an yi sallama sai ta ce, shi ne? Na rubuta masa haka. Kada Disamba ta wuce bai zo ba.

Ki dage da karatu. Ki riƙa sa rigar sanyi.

Goggonki,
Hauwa'u.

*

Greensboro,
5 ga Nuwamba, 1995.

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki, na gode. Allah ya ba Inna sauƙi. Baba ya sayi tikiti, zai sauka Kano tsakiyar Disamba in Allah ya so. Ni zan zauna wurin Anti Oumou, matar Baba Moutari. Takardar da kika rubuto masa ya karanta a tsaye, ya yi murmushi, ya naɗe ta ya sa a akwatin sifanoninsa. Motar tana nan.

Makon jiya ya ɗauko ni daga laburare, ya biya ta filin, na zauna cikin ƙaramar mota ina jiransa. Suna hura wa taya iska. Tayoyin motar nan akwai wani zoben ƙarfe da yake riƙe su, wai idan bai zauna daidai ba yakan fizge ya tashi, kuma ya sha kashe mutane. Sun ɗaure tayar da sarƙa tukuna. Ina kallo sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin kujera ba. Sarƙar ce ta tare zoben, Baba yana tsugune dab da shi. Baba Moutari ya leƙo yana dariya ya ce, "Madmazel, fito, ba kudeta ba ce, ba wanda ya yi juyin mulki, kamiyon babanki ne ya yi atishawa." Baba ya kakkaɓe gwiwarsa ya ɗauko wani zoben.

Amma Goggo, ba wannan ya sa na rubuto ba. Ranar Juma'a bayan masallaci mutanenmu 'yan jami'a sun taru a gidanmu suna hira, ina kicin ina haɗa shayi. Suna maganar mutanen da ake ta kamawa a gida tun watan Maris, da yadda ake cewa na waje suna tara kayan yaƙi. Sai ɗaya ya ce wa Baba, "Malam, wallahi ko da wasa kada ka bari hoton motar nan taka ya je gida. A can ko fentin soja ka shafa wa motarka sai ka kwana a bariki, balle wannan." Duk suka yi dariya. Baba ya ce, "Wa zai kai shi?"

Butar ta kusa suɓuce mini. Ni na manta da yadda gida yake. Na saba ganin tsofaffi a nan suna yawo da rigar soja har kantin sayar da madara, ba wanda yake waiwayarsu.

Don girman Allah ki karɓo hoton nan daga hannun ko wane ne, ki sa shi a murhu. Ki rubuto mini da sauri ki ce kin ƙona. Kullum daga makaranta akwatin wasiƙu nake fara buɗewa.

Taki,
Jidda.

*

Katsina,
19 ga Nuwamba, 1995.

Jidda,

Ina fata kuna lafiya. Ban sani ba ko kin rubuto, ban sami komai daga gare ki ba tun ta Satumba. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba. Na ba Hajiya Hindou, yayar Oumou, wadda take sarin atamfa a nan, ta ce za ta zo wurinku. Waya kuma ba zan buga ba, a wurin bugawar kowa yana jin abin da kake faɗa.

Ki nutsu ki karanta. Hoton bai dawo ba. Ya bi hannu hannu har Alhaji bai san inda ya tsaya ba. Ranar Talata wasu mutum biyu suka zo da farar Pijo, ba kaki a jikinsu, suka yi sallama da Alhaji a zaure. Ina bayan ƙofa. Hoton yana hannunsu, an ma wanke shi ya ƙara girma. Suka tambayi su wane ne Turawan. Suka tambayi wa ya ba malamin makaranta kuɗin motocin yaƙi, kuma ta wace hanya za a shigo da su. Alhaji ya ce ɗaya ce tak, kuma tsohuwa ce. Suka ce ai shi da bakinsa ya ce uku. Daga ƙarshe suka tambayi yaushe zai zo. Alhaji ya riga ya gaya wa duk kasuwa Disamba, bai ga yadda zai musa ba.

Sun sake dawowa ranar Alhamis. Ba su yi wa kowa tsawa ba, har Inna suka ce a gaisar. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Kada babanki ya sauka Kano. Idan ya sauka ba zai iso Rafindadi ba.

Ke na rubuta wa, ba shi ba, don na san shi. Idan ta shiga hannunsa shi kaɗai, zai naɗe ta ya yi shiru, ya hau jirgi saboda Inna, ba wanda zai sani. Ki nuna wa Moutari. Sannan ke da kanki ki tsaya gabansa ki faɗa masa da bakinki, ya ga wadda zai bari a ƙasar mutane ba uwa ba uba. Na san nauyin da ke tsakaninku. Ki ajiye shi na rana ɗaya.

Ban ga laifinki ba, kada ki zauna kina kuka. Inna ba ta san komai ba, tana ta sa a shanya masa kuka da daddawa.

Goggonki.

*

Greensboro,
13 ga Disamba, 1995.

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya, da Inna. Baba ne zai riƙo ta.

Hajiya Hindou ta tsaya New York wurin kayanta, ba ta iso ba sai ranar Juma'ar da ta wuce. Duk makonnin nan ina ganin shirunki ina cewa ko kin ƙona ne kin ga ba sai kin faɗa ba. Baba har ya ɗaure akwati, da maganin Inna da bargo. A gidan Anti Oumou na karanta takardarki. Baba Moutari ya karanta, ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Bon. Gobe Asabar, mun san inda za mu same shi."

Da safe ya kai ni filin. Akwai sanyi ƙwarai. Baba yana ƙarƙashin motar, ba abin da ake gani sai ƙafafunsa da takalmansa. Baba Moutari ya ja Mista Malachy gefe. Na tsaya kusa da tayar, ta kusa kai mini ƙirji. Goggo, ina jin da fuskarsa nake gani da ban iya ba. Takalman na yi wa magana.

Na ce, "Baba, ina da magana."

Ƙarar sifana ta tsaya.

Na faɗa masa duka, tun daga hoton har farar Pijo. Sannan na karanta masa takardarki daga farko har ƙarshe. Bai fito ba. Can ya ce, "Wane hoton? Na fareti?" Na ce shi. Ya ce, "Mai rigar?" Na ce mai rigar.

Sai ya ce, "Uwata tana kirana. Zan je."

Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Na ce, "Idan suka sa ka a bayan irin wannan, ni wa zan rubuta wa?"

Sai ya turo kansa waje. Duk fuskarsa baƙin mai. Ya dube ni, ina jin shi ne karo na farko da muka haɗa ido tun rasuwar Mama, ni na fara sunkuyar da kai. Baba Moutari ya matso ya ce, "Malam, kai da karatunka, Kano kaɗai ke da filin jirgi a duniya? Ka sauka Yamai, ka hau mota zuwa Maraɗi, ka sauka gidan yayana Hassoumi. Daga Katsina zuwa can tafiyar hantsi ce. A kawo maka tsohuwa har ɗaki." Baba ya ce Inna ba ta taɓa ƙetare iyaka ba. Baba Moutari ya ce, "Wace iyaka? Kuka ɗaya muke kaɗawa."

Da aka fassara wa Mista Malachy, ya kasa ganewa. Ya yi ta cewa ai motar ko bindiga ba ta da wurin ɗaurawa, kuma yana da takardun gwanjon, a aika musu su gani. Ba wanda ya iya yi masa bayani. Ya tafi ya zauna a matakin motarsa.

An canza tikitin. Hassoumi zai aiko miki da wannan da kwatancen gidansa. Ki kawo Inna a hankali, kada Alhaji ya san ranar. Ki yi haƙuri da na faɗi haka. Kuma Goggo, ki riƙe Baba a can ɓangaren. Kada ki bari ya matso ko Jibiya. Ya yi wa Baba Moutari alkawari, amma ni bai ce mini komai ba, sai da zai shiga ɗaki ya ce wa ƙofa, "A riƙa kulle gida da kyau."

Taki,
Jidda.

*

Katsina,
3 ga Janairu, 1996.

Takwara,

Gaisuwa. Zan fara da abin da kike jira: babanki ya ga Inna, kuma ya fita lafiya. Hassoumi zai sa wannan a gidan wayar Maraɗi.

Ban iya kai ta ba. Mun gwada ɗaga ta zuwa mota, kafin zaure numfashinta ya sarƙe, muka mayar da ita. Na aika masa cewa ya haƙura, ya yi mata magana a kaset. Kin san amsar da ya ba ni? Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ina wanke wa Inna ƙafa bayan azahar, sai ga wani mutum ya shigo ba sallama, da yagaggiyar riga da rawani ya rufe baki. Na ɗaga murya zan kore shi, ya ce, "Yaya, ni ne." Na zauna a ƙasa.

A bayan motar wake ya shigo, shi da Hassoumi, a kan buhuna. A wani shinge aka sauke su duka. Wani mai bindiga ya bi su ɗaya ɗaya yana kallo, ya zo kan babanki ya tsaya, ya ce ya miƙo hannu. Hassoumi ya ce shi a nan ya fara salati. Mutumin ya dubi faratan nan baƙaƙe da yatsan da ya fashe, ya ce, "Kai bakanike ne? Zo." Ashe motarsu ce ta ƙi tashi tun safe. Babanki ya shiga cikin injinta, su suna tsaye kansa da bindigogi suna ba shi sifana, har ta tashi. Suka ba shi rake. Wannan ya cinye masa rabin lokacin da zai yi da uwarsa.

Inna ta gane shi tun kafin ya kwance rawanin. Ta kama hannunsa ta shinshina ta ce, "Auta, har yanzu?" Dole na gaya mata dalilin shigar da ya yi. Ta ce, "Wace irin mota ce wannan da ta hana ka shigowa gidan ubanka da hularka?" Ta ce, "Ka sayar?" Ya ce, "A'a, Inna." Ta ce, "Da ma na sani." Ta sa ya ci tuwo a gabanta tana kallo. Ta tambaye ki, ta ce ya riƙa yi miki magana, wai wannan kunyar ta mutanen da suke da dangi kusa ce. Ta sa masa albarka. Ana kiran la'asar Hassoumi ya buga ƙofa. Ban raka shi ko zaure ba, don kada a gani.

An gani duk da haka. Ranar Talata farar Pijo ta dawo, suka tafi da Alhaji. Washegari suka sako shi. Ba su taɓa jikinsa ba, in ji shi, amma tun da ya dawo bai je majalisa ba, a zaure yake wuni. Sun ce masa sunan babanki yana kowane filin jirgi da kowace iyaka yanzu. Ki gaya masa, ko me ya ji game da Inna, ko mene ne, kada ya sake gwadawa. Kin iya yi masa magana yanzu.

Goggonki,
Hauwa'u.

*

Greensboro,
11 ga Fabrairu, 1996.

Zuwa ga Goggo Hauwa'u,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya sa watan da ta tafi a cikinsa ya zame mata haske. Ki yi wa Alhaji da yara da dukan gida ta'aziyyata. Hassoumi ya bugo wa Baba Moutari waya ranar da aka yi jana'iza, shi ya zo ya faɗa mana kafin shan ruwa.

Takardarki ta Janairu ta zo bayan Baba. Ranar da ya kamata ya sauka aka yi dusar ƙanƙarar da tsofaffin garin suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba, aka rufe filayen jirgi. Ba waya, ba labari. Ban san ko yana Turai ba ne, ko yana Yamai, ko yana hannunsu. Anti Oumou ta yi ta ba ni kunu ina ajiyewa. Sai ga shi da yamma a tasin Baba Moutari, ya rame, da ƙullin daddawa a jakarsa. Bai ba ni labarin komai ba. A takardarki na san ya ƙetara.

Da labarin rasuwar ya zo, ya tashi ya ɗauko fasfo ɗinsa ya riƙe. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa saƙonki. Ya dube ni, ya mayar da shi cikin durowa. Mutane sun yi ta zuwa gaisuwa har falo ya kasa ɗauka. Mista Malachy ma ya zo da baƙar kwat, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa da ƙyar. Baba yana amsa wa kowa, idonsa a bushe.

Jiya Asabar ya tsaya a falo ya ce, "Ki sa rigar sanyi, ina son hannu." Ni ya kalla da ya faɗa.

Birkin motar ne iska ta shiga, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne, ɗaya a sama yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe bututun mai. Na hau. Ban taɓa shiga cikinta ba. Kujerar sanyi kamar dutse, ga warin tamfol. Ya ce idan ya ce taka in taka, idan ya ce riƙe kada in ɗaga ƙafa ko kaɗan sai ya ce saki, in ba haka ba iskar za ta koma. Ya shige ƙasa. Taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. Muka gama taya ɗaya muka koma wata.

A ta baya ya ce riƙe, na riƙe. Sai shiru. Na jira. Ƙafata ta fara rawa. Na zaci wani abu ya faɗo masa, na buɗe baki zan kira Mista Malachy, sai na ji shi ta ƙarƙashin ƙarfen da nake takawa. Kuka yake yi, Goggo, a hankali, yana kiran Inna.

Na kama sitiyari da hannu biyu na danne birkin da duk ƙarfina. Ban san tsawon lokacin ba. Cinyata har yau ciwo take yi. Ban ɗaga ba sai da ya share murya ya ce, "Saki."

Ki rubuto ta Maraɗi, ki gaya mini ko har yanzu suna zuwa. Allah ya tsare ku, ya ba mu ganin Salla lafiya.

Taki 'ya,
Jidda.